Na Kare, Na Ƙare

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da Hausa a firamare a Gwandu, kuma duk wanda ya bi ta ajina zai gaya maka abin da ke tayar mini da hankali bai wuce ɗaya ba: yaro ya rubuta harafi ya baro masa ƙugiyarsa a gida. Ka rubuta mini "kasa" alhali ƙasa kake nufi, to ranar ba za mu rabu lafiya ba. Nakan ce musu, "Kasa macijiya ce, ƙasa kuwa ita kake takawa. In ba ka san bambancinsu ba, wata rana wadda ba ita ba za ka taka." Su yi ta ƙunshe dariya. Har laƙabi suka sa mini da ƙugiyar nan, suna zaton ban sani ba. To sai da na yi ritaya na ajiye alli, sannan ni da kaina na taka ta, kuma a kan kare.

Karen ba nawa ba ne tun asali. Na yayana ne, manomin albasa a Masama. Yana da rudu uku a bayan gida, wato rumfar kara da ake jibge albasa a kai a lulluɓe ta da ciyawa har ta yi daraja, kuma duk wanda ya san albasa ya san rudu ba ya kwana ba ido a kansa. Shi ne ya samo ɗan kwikwiyo ja ya raine shi a gindin rudun. A gidanmu ba a taɓa ce masa kare ba. Yaya mutum ne na sahun gaba a masallaci, ba ya son a riƙa cewa yana kiwon kare, sai ya sa masa mai gadi. Za ka ji yana tambaya, "An kai wa mai gadi ruwa?" Baƙo sai ya ɗauka mutum ake nufi. Karen bai taɓa taka cikin gida ba, kaskonsa daban, wurin kwanansa daban, kuma a shekarun da ya yi ba a taɓa ɗaukar ko lawashi ɗaya daga rudun nan ba.

Ni dai, tsakani da Allah, ban so shi ba. Duk zuwan da zan yi Masama sai ya bi mashin ɗina da haushi kamar bai taɓa ganina ba. Amma da ciwon ajali ya kwantar da Yaya, ranar da na je duba shi ta ƙarshe, bai yi mini maganar gona ba, bai yi ta gida ba, don waɗannan ya riga ya gama da su. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ga mai gadi nan. Kak ka bari shi kwan da yunwa." Na ce to. Kalma ɗaya ce tilo, amma ta zama amana a wuyana.

Matar Yaya, wadda muke kira Hajiya, ita ta ci gaba da ba shi abinci, ni kuma ina kai gero da dusa duk mako. Hajiya ɗalibata ce ma, don ni na koya mata karatun boko a ajin yaƙi da jahilci, kuma a duk ajin ba wadda ta kai ta iya lanƙwasa ƙugiya. Shekara biyu muna haka lafiya. Har mai gadi ya daina yi mini haushi, sai dai ya ɗaga kai ya dube ni ya mayar.

A bazarar bara ne ya fara ƙin abinci. Haƙoransa sun zube, ƙanzo ya fi ƙarfinsa, tuwo kuwa in ya ci sai ya amayar da shi. Cikin mako biyu har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Akwai wani likitan dabbobi da ke zuwa yi wa shanu allura ran kasuwar Dodoru, na bi shi can na yi ta roƙo har ya yarda ya biyo ni a mashin. Ya duba shi, ya matsa cikinsa, ya yi masa allura, sannan ya ce tsufa ne da ciwon ciki. A daina ba shi sauran miya mai gishiri da yaji. A nemo masa abincin buhu irin na tsofaffin karnuka, a jiƙa shi da ruwan ɗumi ya yi laushi, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Ya ce in aka samu da wuri zai iya miƙewa, in aka yi jinkiri kuwa, to sai yadda Allah ya yi.

Na ce, "Likita, yanzu har kare yana da abinci a buhu?"

Ya ce akwai, amma ba a Gwandu ba, kuma shagunan da ya sani a Birnin Kebbi na kaji kawai suke ajiyewa. Sai Kalgo, wani shago a hanyar jami'a, don malaman can suna kiwon karnuka. Ya ba ni lambar shagon.

Na daɗe ina juya abin a raina. Ni dattijo da furfurata, in hau mota biyu don sayo wa kare abinci, a shekarar da mutane ke auna gero da gwangwani? Me za a ce a majalisar ƙofar gida? Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sa lambar a waya, na ga sun ɗora hotunan kayansu, har da wani buɗaɗɗen buhu mai ruwan ɗorawa da aka ɗauka ta sama, cike da 'yan dunƙule-dunƙule. To da yake na san abincin kifi ma haka yake, kuma masu kiwon tarwaɗa sun yi yawa yanzu, sai na yi abin da malami zai yi, na yi tambaya a fili. Na tura hoton na rubuta: "Assalamu alaikum. Wannan buhun na kare ne ko na kifi? Kuma akwai shi? Daga Gwandu zan taso." Tun da hantsi na tura, sai bayan la'asar amsa ta zo, ba sallama ba komai, kalma biyu: "Na kare."

Alhamdu lillahi, na ce. Na kira Hajiya na ce ta ƙara haƙuri, gobe war haka mai gadi ya ci.

Washegari Litinin na hau mota zuwa Birnin Kebbi, na sauka na hau ta Kalgo, mu huɗu a baya, ga zafin bazara kamar a bakin murhu. Shagon ba wuyar ganewa, tun daga nesa warin abincin kaji ke yi maka maraba. Ga buhuna jibge, ga magungunan dabbobi a kanta, ga keji da tantabaru da zomaye a bakin ƙofa, kwanon ruwansu ya bushe ƙayau. A ciki wata mata ce, za ta kai shekara talatin, zaune a kujerar roba, ta miƙe hannuwa biyu a kan gwiwa an zana musu lalle, wayarta jingine da gwangwanin maganin kaska tana kallon wani abu. Na yi sallama. Shiru. Na sake. Ta amsa a hanci, idonta bai bar wayar ba.

Na ce, "Ɗiyata, ni ne na turo saƙo jiya daga Gwandu, a kan abincin mai gadi."

Sai a lokacin ta ɗago. Ta dube ni tun daga hula har takalmi. "Mai gadin wane gida ne kai?"

Kai jama'a! Laifina ne, bakina ne ya saba. Na haɗiye abin da ya taso mini na ce, "A'a, abincin kare nake nufi."

"Mi?"

"Abincin kare."

"Baba, ɗaga murya, fanka na ƙara."

Akwai mutum biyu a bakin shagon suna cinikin abincin kaji. Kalmar da gidanmu ya yi shekaru yana kewayewa, ita na tsaya a tsakiyar shago na faɗa da ƙarfi har sau uku, mutanen nan suka juyo suna kallona. Ita kuwa ta hura lallenta ta ce, "Ai na gaya maka na ƙare."

Na ce, "Kin ce mini na kare."

"To ai shi na ce. Na ƙare. Na saida dut, babu ko ɗaya."

Wallahi sai da na dafa kantar shagon. Na ciro wayar na nuna mata. Na ce, "Duba nan. Na tambaye ki na kare ne ko na kifi, kin ce na kare. Wannan kafin ba shi da ƙugiya. Kare dabba ne, ƙare kuwa ƙarewa ce. Kuma ko da ƙugiyar, in kina nufin kaya sun ƙare, sai ki ce ya ƙare, ko ki ce babu. Babu! Harafi huɗu ne, ba ƙugiya ko ɗaya a cikinsu. Na gaya miki daga Gwandu zan taso."

Ta ce, "Baba, nan ba makaranta ba ce. Wayata ba ta da wannan abin. Kowa haka yake rubutawa, kuma kowa yana ganewa."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ta yi ƙarya ba. Kowa haka yake rubutawa yanzu. Amma ko "yi haƙuri" ba ta ce ba, ko "sannu da hanya". Na tambaye ta yaushe za a kawo, ta ce wataƙila Alhamis. Na ce to ta ajiye mini ɗaya, ta rubuta. Ta ɗaga mini hannuwanta masu lalle, wato da me za ta rubuta? Sannan ta ƙara da cewa, "Ka gaya wa ogan naka shi kira da kansa."

Na ce, "Ba ni da oga sai Allah. Karen nawa ne."

Wannan ne karo na farko da na ce nawa ne. Ta yi wata 'yar dariya ta koma kan wayarta, ni kuma na fito na zuba wa zomayen nan sauran ruwan da ke cikin gorata.

Daga tasha Masama na wuce kai tsaye. Mai gadi yana kwance a inuwar rudu, ya ɗaga kai ya dubi hannuna, ya ga ba komai, ya mayar. Hajiya ta ce kunu ta dama masa marar tsami, ya lasa sau biyu ya bari. Da na ba ta labarin ƙugiya, duk da halin da ake ciki sai da ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Malam, yau kai aka kayar a jarrabawa." Na ce ta bari kawai, ba ni da bakin wasa.

Ranar Laraba na kira shagon sau shida ba a ɗauka ba. Na tura saƙo, na ga alamar an karanta, ba amsa. Na ce to, mai nema yana tare da samu, Alhamis na sake hawa mota biyu.

Ina shiga na gan su da idona: buhu uku masu ruwan ɗorawa jingine a bayan kanta, kowanne da hoton wani kare mai gashi ya zaro harshe. Sai na ji kamar an sauke mini dutse. Na yi sallama da fara'ata, har da tambayar ta gida. Na ce a ba ni ɗaya.

Ta ce, "An kama su."

"Wa ya kama?"

"Biyu na Farfesa ne, ɗaya na Madam."

Na ce, "Ɗiyata, ranar Litinin a nan na tsaya na ce ki ajiye mini."

"Ka ce, amma ban rubuta ba."

"Ke kika ce kina da lalle!"

"To ka gani."

To ka gani! Wai ni ne zan gani. Ina nan tsaye wata farar mota ta tsaya a bakin titi, aka yi hon sau ɗaya, ko gilashi ba a sauke ba. Matar nan da na ɗauka an ɗinke ta da kujera sai ga ta ta miƙe zumbur, ta sungumi buhu ta kai har but ɗin motar, tana "Sannu da zuwa Ma, a gaida gida Ma," tana rusunawa. Ta dawo tana haki ta zauna, fuskarta ta koma yadda na same ta.

Na sassauta murya, don wanda yake nema ba ya tsawa. Na ce mata karen tsoho ne, yau kwana nawa bai ci abin kirki ba, amanar mamaci ce a hannuna. Na ce Farfesa buhu biyu gare shi, ba yau karensa zai cinye su ba, ta kira shi ta roƙa mini ɗaya, ko ta ba ni lambarsa in roƙa da kaina. Ta ce ba a ba da lambar kwastoma. Na ce to ta farke ɗaya ta auna mini mudu guda. Ta ce ba a farkewa. Na ce ta kira mai shagon. Ta ce ba ta da kati.

Da ta ga ba ni da niyyar tafiya, sai ta nuna wani buɗaɗɗen buhu da ƙafa ta ce, "Ga na kifi nan, ana aunawa. Dut ɗaya ne. Wasu ma shi suke saye." Na ce likita ya ce na tsofaffin karnuka. Ta ce, "Haba Baba, kare ne fa."

Kare ne fa. Na sha jin zagi a rayuwata, na koyar da 'ya'yan mutane shekara talatin, iyaye sun zo har aji sun gaya mini magana, amma ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamar wannan ba. Kuma abin kunyar, na saya. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Na ce ta auna mini mudu ɗaya, ta ce in auna da kaina, ga mudun can.

Hajiya ta jiƙa shi da ruwan ɗumi kamar yadda aka ce, gaba ɗaya bayan gida ya ɗauki ƙarni. Mai gadi ya shinshina, ya kau da kai, ya tura hancinsa ƙarƙashin ƙafarsa. Kajin Hajiya ne suka yi biki. Da na kira likita na gaya masa, faɗa ya yi mini sosai, ya ce gara da bai ci ba, wa ya ce mini duk ɗaya ne? Ban iya ce masa wata mai lalle ce ta ce ba. Ya ce a ci gaba da kunu da ruwa, amma in yi sauri.

A zuwana na biyu na lura akwai wata lamba a jikin allon shagon, rabinta rana ta cinye, na kwafe ta a bayan hannuna ina cike gurbin da zato. Ranar Juma'a bayan masallaci na gwada sau uku, na uku ya faɗa kan mai shagon. Mutum mai daɗin baki, ban san inda ya samo wannan mata ba. Ya yi ta ba ni haƙuri, "Ranka shi daɗe, ai ba a yi haka ba, ƙanwar maiɗakina ce, sai haƙuri." Ya ce yana Sakkwato, amma zai sa a ajiye mini ɗaya daga na Farfesa, in je ranar Asabar da safe in karɓa. Na ce da gaske? Ya ce wallahi. Na ce lalle ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Asabar da sassafe na fara biyawa Masama. Mai gadi bai ɗaga kai ba ranar, ido kawai ya juyo. Na tsuguna kusa da shi, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Yau kam zan zo da shi." Hajiya tana tsaye da kasko a hannu, ta ce, "Malam, ko ka bari? Ka zauna nan yau." Na ce ina! An riga an ajiye mini, karɓowa kawai zan yi, kafin azahar na dawo. Har da ɗan faɗana, wai ta cika karaya.

Na isa Kalgo da hantsi, shago a rufe da kwado. Mai faci da ke gefe ya ce ba ta zo ba tukuna, ya ba ni benci. Na kira ta, ba ta ɗauka ba. Na kira mai shagon, ya ce tana hanya. Rana ta hau, inuwar rumfar mai faci ta janye ta bar ni, na matsa, ta sake janyewa. Tantabarun nan a keji sun buɗe baki suna haki. Na ga ɗaliban jami'a suna wucewa da kwalaben ruwa, na ga mai rake ya zo ya sayar ya tafi. Sau biyu na miƙe da niyyar tafiya, sai in tuna idon nan da ya juyo ya dube ni, in koma in zauna. Na sake kiran mai shagon, wannan karon shi ma bai ɗauka ba.

Sai da aka kira azahar, na je na yi salla na dawo, sannan ga ta a kan acaɓa, ta sha kwalliya, da ledar shinkafar biki a hannu. Ta gan ni sarai. Ta buɗe shago, ta kunna fanka, ta share gaban kanta, ta zauna, ta buɗe ledar.

Na ce, "Baiwar Allah, tun hantsi nake nan."

Ta ce, "Kai ne ka kai ƙarata wurin Alhaji."

"Ban kai ƙararki ba, abinci na nema."

"To bari in ci nawa."

A nan ne haƙurina ya tsinke, kuma ba na alfahari da abin da ya biyo baya. Na buga kantar shagon da tafin hannu har gwangwanaye suka yi tsalle. Na ce mata na haifi wadda ta girme ta. Na ce sau uku ina hawa mota biyu saboda ta kasa rubuta babu. Na ce zomayen da ke ƙofarta da ƙishirwa suke kwana, kuma za a tambaye ta a kansu ranar da ba waya ba fanka. Na ce wanda ba ya tausayin dabba bai kamata a ba shi makullin shagon dabbobi ba. Mai faci ya shigo yana "Haƙuri Malam, haƙuri Malam." Ita kuwa ko gezau. Ta tashi ta shiga bayan kanta, ta turo buhun da ƙafa, tana turawa har ya iso gabana.

Na ce, "Da ƙafa?"

Ta ce, "Ina da alwala."

"Ranar Alhamis da kika rungume shi kika kai motar Madam fa? Kuma wannan buhu ne, ba karen ba ne!"

Ta koma kan shinkafarta. Na biya, na saɓa buhuna a kafaɗa na fito. Ina fita na ji tana ce wa mai faci, "A kan kare fa."

A motar Gwandu but ya cika da kaya, dole na ɗora buhun a cinya. Na juya hoton karen ya kalli cikina don kada a gani, amma wani dattijo da ke kusa da ni sai da ya tambaya ko irin shinkafa ne. Na ce a'a, abincin kare ne. Ban san lokacin da maganar ta fito ba, kuma ban ji kunyar komai ba. Ya ce "Ikon Allah," ya ɗan matsa. Ni kuwa lissafi nake, in mun isa da la'asar zan ɗauki mashin, Hajiya ta ɗora ruwa, kafin magariba ya ci ko loma uku ne.

Mun wuce Ambursa kaɗan wayata ta yi ƙara a aljihu. Da ƙyar na zaro ta saboda buhun. Saƙon Hajiya ne. Ita da ba ta taɓa kiransa da wannan suna ba, ita da ta fi kowa iya ƙugiya a ajina, ga abin da wayarta ta bari ta rubuta:

"Malam kwanan kare ya kare."

Wannan karon ban yi kuskuren karatu ba. Na san wanne ne mai ƙugiya, na san wanne ne ba shi da ita. Na kifa wayar a kan buhun, na juya fuskata wajen taga har muka shiga Gwandu.

Na isa Masama bayan la'asar. Hajiya ta riga ta sa maƙwabta sun haƙa rami a bayan rudu na uku, amma ta ce a jira ni. Ta ce tun da na tafi mai gadi ya ja jiki ya juya kansa wajen hanya, haka yake kwance har azahar ta gota. Ba ta ce ai na gaya maka ka zauna ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Na ajiye buhun a gindin rudu ban ko farke shi ba, muka rufe mai gadi, na wanke hannu. Kwana uku cikin makonsa na ƙarshe a mota da benci na yi su, kuma da yunwar ya tafi, abu ɗaya da Yaya ya ce kada in bari.

Buhun na ba likita, na ce ya ba duk wanda ya ga yana da tsohon kare. Albasar kuwa Hajiya ta sayar da ita tun kafin ta yi daraja, don ba mai kwana a gindinta.

Bayan kamar kwana goma ina zaune a ƙofar gida sai ga saƙo daga lambar shagon, irin wanda ake tura wa kowa da kowa. Hoton buhuna masu ruwan ɗorawa an jera su har rufi, a ƙasa an rubuta: "Sabon kaya ya iso. Na kare."

Na daɗe ina kallonsa. Sannan na shiga cikin wayar na yi ta lalube har na gano inda aka ɓoye haruffanmu, na danne kafin har ƙugiyarsa ta fito, na rubuta mata, "Ya ƙare." Na duba sau biyu kafin in tura.

Wannan karon ba ta ɓata lokaci ba. Nan take ta aiko mini da hoton babban yatsa.